Kurakuran da ɗalibai ke yi game da yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke sarrafa abinci a lokacin kumburi

Kuskuren da ya fi yawa a bakin ɗaliban kiwon lafiya a nan Damagaram shi ne cewa makrofaj, ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta, tana komawa ga farfasa gulukos (sukarin jini) zuwa sinadarin laktat ne saboda ta rasa oksijin. Ba haka ba ne. Da zarar ta ji alamar bakteriya, tana yin wannan sauyi ko da oksijin ya wadace ta, kamar yadda Otto Warburg ya gani a ƙwayoyin ciwon daji a shekarun 1920.

Daga nan wani kuskuren ke tasowa, domin ɗalibi yakan lissafa cewa wannan hanya ATP 2 kacal take bayarwa daga kowane gulukos (ATP shi ne sinadarin da ke ɗauke wa ƙwaya kuzari), alhali mitokondiriya, sashen ƙwaya mai ƙona abinci da oksijin, na bayar da kusan 30, sai ya yanke hukuncin cewa asara ce. Abin da ya manta shi ne saurin wannan hanya, da kuma kayan ginin da take samarwa: ƙwayar da ke yaƙi da cuta tana bukatar kitse, da tubalan DNA, da sinadarin NADPH wanda take haɗa gubar kashe bakteriya da shi. Mitokondiriya kuwa ba ta mutu ba, aikinta ne ya sauya. Zagayen Krebs, jerin matakan ƙona abinci a cikinta, yana tsinkewa a wuri biyu, sinadaran sitrat da suksinat su taru, kuma binciken da ɗakin gwajin Luke O'Neill na Dublin ya fitar a 2013 ya nuna cewa suksinat ɗin da kansa yake zaburar da samar da IL-1β, ɗaya daga cikin sinadaran da ke kawo zazzaɓi. Don haka duk wanda ya rubuta suksinat a matsayin shara ya yi kuskure.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ke kaiwa har gadon majinyaci. A lokacin kumburi hanta na ƙara fitar da hepsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a cikin makrofaj, ya kuma rage shigarsa ta hanji, don ƙwayar cuta ta rasa abin ci. Shi ya sa yaron da aka kawo da damina da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, ba a fara masa da maganin ƙarfe. A yi gwaji, a magance zazzaɓin tukuna, a ƙara masa jini idan ƙarancin ya yi tsanani, sannan likita ya duba batun ƙarfen bayan jikin ya lafa.