Ido ya ce ɗaya ne, kwamfuta ta ce ba haka ba: kurakuran kwatanta rubutu a JavaScript da PHP

Ka buga kalmomi biyu a fuskar kwamfuta, ka dube su, babu bambanci ko na ɗigo, amma `===`, alamar kwatantawa, ya dawo maka da `false`, wato ba ɗaya ba ne. Dalili shi ne kwamfuta ba siffar harafi take dubawa ba, lambarsa take dubawa. Mu da muke rubutu da ƙ, ɗ, ɓ da 'y mun fi masu Turanci cin karo da wannan.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne alamar da ke gaban "'ya'ya" da cikin "ma'aikata". A zahiri aƙalla uku ce. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai, U+0027. Akwai lanƙwasasshiya, U+2019, wadda Word ke sakawa da kansa, haka ma iPhone tun fitowar iOS 11 a 2017. Sai ta uku, U+02BC, wadda Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ke ɗauka a matsayin harafi. Wani ya yi rajista da suna Sa'adatu daga kwamfuta, ya dawo ya nema daga waya, a ce masa babu wannan suna. Kuma ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Maganin shi ne ka zaɓi siffa guda, ka mayar da sauran zuwa gare ta kafin kwatantawa: `s.replace(/[\u2019\u02BC]/g, "'")`. A akwatin bincike ka mayar da ƴ zuwa 'y ma, amma kada ka taɓa abin da mutum ya rubuta a ajiya.

Masu PHP suna da nasu tarkon a nan. `htmlspecialchars`, mai tsefe alamomi na musamman don nuna rubutu a shafi, tun daga PHP 8.1 yana mayar da miƙaƙƙiyar alamar nan `'` ko ba ka nema ba. In ka tsefe rubutu da shi kafin ka ajiye, to "Sa'adatu" ne a rumbun bayananka, har abada ba zai yi daidai da abin da aka bugo ba. Ka kwatanta ɗanyen rubutu. Tsefewa sai lokacin nunawa a shafi.

Sai manya da ƙananan haruffa. `toLowerCase()` na JavaScript ya san Ƙ, yana mayar da shi ƙ lafiya lau. `strtolower` na PHP kuwa A zuwa Z kaɗai ya sani, don haka "Ƙasa" da "ƙasa" ba za su haɗu ba. Yi amfani da `mb_strtolower`. Haka `strlen("ƙasa")` zai ce maka 5, domin bayit yake ƙirgawa, ƙ kuwa bayit biyu yake ci a UTF-8, tsarin ajiye haruffa. `mb_strlen` ne zai ce 4.

In ka ga "Æ™asa" a maimakon "ƙasa", ba laifin kwatantawa ba ne. An karanta UTF-8 da ma'aunin Windows-1252. Duba `<meta charset="utf-8">`, sannan ka tabbatar teburin MySQL da haɗinka da shi duk `utf8mb4` ne. Na sha ganin ana toshe wannan da `str_replace`, harafi bayan harafi. Wahalar banza ce, gobe ɗ zai fito da nasa.

Game da `normalize("NFC")` na JavaScript, yana da amfani, sai dai mutane na ɗora masa abin da ba zai iya ba. Yana haɗa é mai lamba guda da e mai ɗauke da alama daban, abin da za ka gamu da shi a sunayen da aka rubuta da salon Faransanci ko rubutun da aka sa wa alamar karin sauti. Ba ya mayar da ƙ zuwa k, kuma daidai ke nan: "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne.

Akwai kuma haruffan da ba a gani. Rubutun da aka kwafo daga shafi yakan zo da U+00A0, wata irin tazara, wadda `trim()` na JavaScript ke cirewa daga farko da ƙarshen rubutu amma na PHP ba ya cirewa. U+200B kuwa, tazara marar faɗi, dukansu biyu suna barinta. In ka rasa gane inda matsalar take, daina zura wa allo ido, fito da lambobin:

`[...s].map(c => c.codePointAt(0).toString(16))`

Jera na kalmomin biyu, inda suka saɓa zai fito fili.