Yadda Ake Tafiyar da Ƙaramar Bargar Ceton Dawaki a Ƙauye

Duk shekara idan aka gama hawan sallah, aka naɗe jalala da sauran kayan ado aka adana, akwai dawakin da ke komawa wani hali wanda masu kallo ba sa gani. Dokin da ke bargar sarki ko ta hakimi yana da mai yi masa hidima safe da yamma, amma wanda wani saurayi ya saya don kilisa da rakiyar ango, ko wanda ya tsufa a hannun masu ba da haya, sau da yawa yakan ƙare a turke cikin rana, da gyambo a gadon baya da haƙarƙari a fili, har ranar da za a ja shi kasuwa a sayar wa masu lodin dawaki zuwa kudu inda ake yanka su. Irin waɗannan muke karɓa a 'yar bargarmu da ke wani ƙauye a ƙasar Gumel, kuma na rubuta wannan bayani ne domin wanda ke da niyyar buɗe irinta ya san nauyin da zai ɗauka tun kafin ya kafa turke na farko.

Ka fara da lissafin harawa

Tausayi ne ke sa mutum ya shiga wannan aiki, amma rumbu ne ke yanke hukuncin yawan dawakin da zai iya riƙewa. Doki yana buƙatar busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kowace rana. Idan nauyinsa kilo 300 ne, kilo 6 ke nan kullum. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa lokacin da sabuwar ciyawa za ta tsaya sosai bayan faɗuwar damina, ba a rasa wata 7, wato kimanin kwana 210, saboda haka doki ɗaya zai cinye kilo 1,260, biyar kuma za su cinye kilo 6,300. Wanda bai tara wannan da kaka ba, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa ke da araha a bakin gona, zai saye ta da tsada a bazara, ko kuma ya wayi gari ya zama shi ne mai dokin da ake bukatar cetowa. Shawarata ita ce a fara da biyu, a ga fitar rani guda da su, sannan a yi maganar ƙari.

Ruwa ma haka yake. Doki yakan sha lita 20 zuwa 45 a rana, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yana iya zarce haka. Idan babu rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa kusa, a nemi wani filin.

Wurin zaman kansa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Rumfa ce mai tsawo wadda iska ke ratsawa, da zana ta ɓangaren arewa maso gabas don kare sanyin hunturu, da daɓe mai ɗan gangare yadda fitsari ba zai kwanta ba, da fili mai shinge inda doki zai yi yawo ya yi birgima ba tare da dabaibayi ba. Idan akwai gawo a filin an yi dace, domin shi da rani yake fitar da ganye, lokacin da ake matuƙar bukatar inuwa. A tumɓuke zurma da zaƙami da tumfafiya daga cikin shingen, a tsince leda da ƙusoshi da guntayen waya, kuma kada a bari doki ya kai bakinsa ga gyauron dawa, domin ɗanyen tohonta yana ɗauke da guba. Abinci kuwa a komi ake zuba shi. Ƙasarmu jigawa ce, dokin da ke tsintar abinci a kan rairayi yana haɗiye yashi kaɗan-kaɗan, har ya taru a hanjinsa ya jawo masa murɗar ciki.

Ranar da doki ya shigo

Ko a kasuwar Maigatari ka gan shi ranar Alhamis, ko a ƙofar gidan wani a garinku, kada ka karɓi doki ba tare da shaida ba. A kasuwa a yi ciniki a gaban dillali sananne, a gari kuma a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta launinsa da alamominsa da sunan wanda ya bayar, domin satar dabbobi ba sabon abu ba ne, kuma akwai wanda zai ba ka doki kyauta yana rame, bayan wata shida ya gan shi ya murmure ya ce ai aro ya ba ka. Kada kuma ka kunyata mai shi. Mafi yawansu talauci da rashin sani ne suka kai su ga haka, kuma idan ka ci mutuncin ɗaya, sauran za su ɓoye nasu dawakin har su mutu a bayan gida.

Sabon doki a ware shi nesa da sauran na tsawon mako 3, da bokitinsa da kominsa daban, kuma mai yi masa hidima ya riƙa zuwa wurinsa a ƙarshe, bayan ya gama da masu lafiya. A cikin kwana biyun farko a kira likitan dabbobi ya duba shi daga haƙori har kofato.

A nan ne zan daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Wanda ya ga doki ya rame har ƙashin ƙugunsa ya fito, abin da zuciyarsa za ta ba shi shi ne ya jiƙa gero ko dawa ya cika masa komi. Na taɓa yin haka ga wata goɗiya da aka kawo mini daga wani ƙauye kusa da iyaka, ta cinye da marmari, na yi murna, amma a rana ta huɗu ta kwanta ba ta sake tashi ba. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da wasu sinadarai, kuma idan aka ɗura masa hatsi farat ɗaya, ɗan abin da ya rage a jini sai ya ruga cikin tsoka, zuciya da numfashi su kasa. Har yau ina jin zafin mutuwar goɗiyar nan, kuma ita ce ta sa ba na sassauci a wannan ƙa'ida. A kwana ukun farko a ba shi harawa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, kimanin rabin kilo duk bayan awa 4, har da dare, tare da ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. Daga rana ta huɗu a riƙa ƙara yawanta sannu a hankali ana rage yawan lokutan, har zuwa kwana na 10. Hatsi da dusa sai bayan haka, da ɗan kaɗan, kuma da shawarar likita. Dokin da ya rame ƙwarai yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin jikinsa ya dawo, saboda haka wanda ke son ganin sakamako cikin mako biyu zai cutar da dabbar ne kawai. Maganin tsutsar ciki ma kada a yi gaggawar ɗura shi ga dokin da ke tangaɗi, a bar likita ya faɗi lokaci da adadi.

Aikin yau da kullum

Bayan sallar asuba, kafin a ɗauki tsintsiya, a tsaya a dubi kowane doki. Ya cinye abincin dare? Kashinsa nawa ne, kuma ya bushe ko ya yi ruwa? Yana tsaye a kan ƙafa huɗu daidai, ko yana ɗage ɗaya? Wannan kallon na minti biyar ya fi kowane magani amfani, domin doki ba ya kuka da ciwo sai ya yi nisa. Daga nan a ba da ruwa, a zuba harawa, a kwashe kashi a kai juji nesa da rumfa saboda ƙuda, a goge jikinsa, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya a fitar da tsakuwa da ƙaya, a duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi don cire kaska. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, shi ya sa ake raba masa abinci sau uku ko huɗu a rana maimakon a tara masa lokaci guda. A ajiye masa gishiri ya riƙa lasa. Abincin kajin gona kuwa kada ya kusanci bakinsa, domin wasu nau'o'insa suna ɗauke da maganin da ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe doki.

Da hantsi a sake su cikin fili, da rana tsaka a mai da su inuwa, da la'asar a ja masu ƙarfin tafiya da ragama a zaga da su. Da damina kuma a shigar da su rumfa kafin magariba, a ɗan turara hayaƙi daga nesa, saboda ƙananan ƙwarin da ke cizo da almuru da asuba su ne ke yaɗa annobar dawaki, wadda ke zuwa da zazzaɓi da kumburin saman ido da kumfa ta hanci, tana kuma iya kashewa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ga haka ya sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Ya kamata a barga a sami ma'aunin zafi da littafi. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma ana jin sa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan doki ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayar cikinsa, yana kwanciya yana tashi, murɗar ciki ce: a janye abinci, a kira likita, kuma kada a ɗura masa komai ta hanci, domin ruwan kan sauka cikin huhu. Gyambon sirdi da raunin ƙaimi da tsagewar baki da linzami mai kaifi ke jawowa, a wanke su kullum da ruwan gishiri mai tsabta, a kare su daga ƙuda, a hana hawa har sai fata ta rufe gashi ya fito. Baƙin mai na inji da toka da lalas da wuta, waɗanda har yanzu wasu ke yi, ƙara ɓata ciwo suke yi. Kowane doki a yi masa allurar rigakafin cutar sandarewar jiki, wato tetanus, domin dawaki suna cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa ta hanyar ƙaramin rauni. Kofato kuma a yanke shi duk bayan mako 6 zuwa 8.

Barga da mutanen gari

Mutum ɗaya ba ya riƙe irin wannan wuri, kuma bai kamata ya gwada ba. Tun farko a je a gaida dagaci a yi masa bayani, a kuma sanar da liman, domin idan ya tunatar da jama'a hadisin da ya ce alheri yana ɗaure a makwarkwaɗar dawaki har ranar ƙiyama, da hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi na dukan dabba a fuska ko yi mata lalas a fuska, maganar takan fi shiga daga bakinsa.

Takin dawaki shi ne kuɗin da muke ciniki da shi. Manoman da ke kewaye da mu suna kwasarsa da rani su kai gona, da kaka kuma su biya da harawa, kuma a ƙarshen Oktoba mukan kira gayya a ɗaure ta a ɗora a kan rumfa inda gara da akuya ba za su kai gare ta ba, a dafa abinci a ci tare. Yara kuwa ba sai an kira su ba. Mun ware musu yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da babu karatun allo, ana koya musu yadda ake tunkarar doki ta gefen kafaɗa ana yi masa magana, da dalilin da ya sa ba a tsayawa a bayansa, da yadda ake ɗaure ragama. Ba a barin yaro shi kaɗai da doki, musamman wanda ya sha duka a baya, domin irinsa yakan yi harbi ko cizo saboda tsoro.

Abin da na ga ya fi rage mana aiki shi ne zaman da muke yi da samari masu dawaki mako biyu kafin kowace sallah. Sukan zo da dawakinsu da sirdinsu, a duba inda sirdi ke cin baya a ƙara masa laushi, a gyara majayi, a canza igiyar roba da ke yanke ƙafa da dabaibayi mai taushi, a yanke kofato, kuma wani dattijo da ya yi shekaru yana hidimar dawakin hakimi yakan zauna ya nuna musu yadda ake juya doki da hannu mai sauƙi ba tare da an fasa masa baki ba. Da farko sukan zo ne don yankan kofato na kyauta, amma yanzu idan dokin ɗayansu ya ƙi cin abinci da dare, kafin gari ya waye ya ƙwanƙwasa mana ƙofa yana cewa, "Baba, a taimaka a zo a duba mini shi."

Dokin da ya warke sarai ba a ci gaba da riƙe shi, domin turkensa wani na jira. Mukan ba da shi riƙo ga wanda muka je muka ga inuwarsa da ruwansa da harawarsa da idonmu, a rubuta a gaban dagaci cewa ba zai sayar ba, ba zai ba da haya ba, kuma idan ya gaza zai dawo da shi ba tare da an zarge shi ba. Mukan ziyarce shi bayan wata ɗaya, sannan a tsakiyar bazara, lokacin da abinci ya fi wuya. Tsofaffi da makafi da masu ɗingishin da ba ya warkewa kuwa suna nan wurinmu, kuma da yake doki yana iya kai shekara 25 zuwa 30, a sa nasu kason a lissafin harawar kowace kaka, a kuma tanadi dusa da za a riƙa jiƙa wa waɗanda haƙoransu suka ƙare.