Kalmar "charge" a Akra: ba cajin waya kaɗai ba ne

Bahaushen da ya sauka Akra, daga Kano ya taso ko daga Maraɗi, da kalmar caji yake zuwa a bakinsa. Ya san cajin waya, ya san caji ofis. To idan ya ji mutumin Gana ya ce "charge", sai ya ɗauka ai tsohon sani ne. Gaskiyar magana, a titin Akra mafi yawan lokuta kuɗi ake nufi da ita, wani lokaci shugabanci, wani lokaci kuma tuhumar da za ta iya kwanar da mutum a bayan kanta. A unguwannin Nima, Mamobi, Fadama, Sabon Zango da Madina, Hausa za ta fisshe ka. Amma mai gidan haya, da mai kiyos ɗin MoMo (aika kuɗi ta waya), da nas, da ɗan sanda, da Turanci za su yi maka magana in ba ka jin Twi ko Ga, kuma duk huɗun suna amfani da kalmar, kowa da abin da yake nufi. A bakin mutanen nan ba a jin harafin r ɗin cikinta, "caaj" za ka ji.

Abin da zai taimake ka shi ne ka saurari ƙaramar kalmar da ke kusa da ita. In "for" ta biyo baya, kuɗi ne. In "with" ce, laifi ake ɗora wa wani. In ka ji "in" a gabanta, ana maganar wanda ragama ke hannunsa.

Mu fara da kuɗi, tunda shi za ka tarar tun daga tasha. "How much do you charge?" na nufin nawa kake karɓa, kuma ga mai sana'ar hannu ake faɗinta: tela, mai aski, makanike, mai gyaran waya a Circle (cibiyar cinikin waya a Akra), direban taksi, ko 'yan matan da ke dako a kasuwannin Makola da Agbogbloshie, waɗanda ake kira kayayei. Ga mai sayar da doya ko atamfa "how much" kawai ta isa. A yi tambayar kafin a taɓa aiki, ba bayan an gama ba. Sannan a nan ana raba ladan aiki da kuɗin kaya. Ladan aikin shi ake kira "workmanship". Idan birkila ko mai gyaran famfo ya ce zai caje ka sidi 300 (sidi shi ne kuɗin Gana), sau da yawa ladan hannunsa kawai ya faɗa. Siminti, bututu da gam duk a kanka suke. Ka tambaye shi kai tsaye: "With materials?" wato har da kayan aiki? Rigimar da ake yi da masu sana'a, yawancinta daga rashin wannan tambaya ɗaya take tasowa. Haka a taksi: in ka tare mota kai kaɗai ka faɗi inda za ka, direba zai ɗauka "dropping" ne, wato shata, ya caje ka kuɗin motar gaba ɗaya. In ta haɗaka kake so, tasha za ka je ka jira ta cika. A trotro kuma, wato ƙaramar bas ta haya, yaron mota, wanda ake ce wa "mate", yana cajin buhu ko babbar jaka daban da kuɗin kujera.

Akwai wani tarko a lissafi. A watan Yulin 2007 Gana ta sauya kuɗinta, aka cire sifili huɗu: tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Har yau wasu dattawa da matan kasuwa da tsohon lissafi suke ciniki. Wanda ya ce zai caje ka "five hundred thousand" yana iya nufin sidi 50, "one million" kuwa sidi 100. Kada ka firgita ka juya, kada kuma ka miƙa fiye da abin da aka nema. Ka ce "Ghana cedis?" za a maimaita maka da sabon lissafi.

Wajen neman ɗaki kalmar tana zuwa da jam'i, "charges", kuma jam'in nan kusan kullum ƙarin kuɗi ne a kan ainihin kuɗin. Dillali yana da kuɗin zagayawa da kai ganin ɗakuna, wanda ba ya dawowa ko ɗakin bai yi maka ba, sannan in an daidaita ya karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100 na abin da ka biya mai gida. Dokar haya ta 1963 ta ce kada kuɗin da ake biya gaba ya wuce na wata shida, amma a aikace shekara ɗaya ko biyu masu gidaje ke nema, kuma baƙon da ya kafe a kan doka zai daɗe yana kwana a shagon ɗan'uwansa. Abin da ke hannunka shi ne ka tambayi "any other charges?" kafin ka ƙirga kuɗi: ruwa, shara, kwashe masai, wutar tsakar gida. A rubuta su a takardar yarjejeniya, a ba ka rasit. In rigima ta taso, ofishin Rent Control, mai kula da rigimar haya, ake zuwa, kuma takarda suke fara tambaya.

MoMo, wato ajiya da aika kuɗi ta waya, nan ne za ka fi jin kalmar kullum. Mai shago zai ce maka "add the charges", yana nufin ka ɗora abin da kamfani zai yanke masa idan ya je cire kuɗin. A MTN, cirewa na cin kimanin kashi 1 cikin 100, da iyakar da ba ya wucewa. Sidi 500 ke nan zai ci wajen sidi 5. Tsarin cirewar shi ne: ka ba mai kiyos lambarka, ka danna *170#, ka zaɓi "Allow Cash Out", saƙo ya shigo yana nuna adadin kuɗin da abin da za a yanke, ka karanta su biyun, sannan ka sa lambar sirrinka da hannunka. Kada ka miƙa wa kowa wayar ya danna maka, ko da layi ya yi tsawo ana harararka. Zuba kuɗi a asusunka na kanka ba shi da caji bisa ƙa'ida. Harajin aika kuɗi ta waya, wato E-levy, da aka fara a Mayun 2022 a kan kashi 1.5, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, an soke shi a Afrilun 2025, don haka duk wanda ya ce ka ƙara masa kuɗin E-levy yanzu, aljihunsa yake yi wa aiki. Wanda kuma ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, wai an caje ka bisa kuskure, ka danna kaza a mayar maka, ɗan damfara ne. Ka kashe wayar.

Cajin waya shi ne mai sauƙi. "My phone is on charge", tana jone. Soket ɗin Gana mai baki uku ne irin na Ingila, daidai da na Najeriya. Mutanen Nijar masu caja mai ƙafa biyu zagayayyu su nemi adafta. Sai dai sayen katin waya ba a cika ce masa caji ba, "credit" ake cewa, na intanet kuma "bundle". Mitar wuta ma ba a cajinta, "buy prepaid" ake cewa. A rasit ɗin ECG, kamfanin wutar lantarki, za ka ga "service charge" tare da harajin fitilun titi. Su ne ke sa sayen farko na wata ya ba da wuta ƙasa da yadda ka zata, sai ka ga 'yan haya masu mita ɗaya suna zargin juna da satar wuta alhali ba wanda ya saci komai.

"Who is in charge here?" tambaya ce da ya kamata baƙo ya haddace: wa ke da wurin nan, wa ke da ta cewa? A asibitoci irin su Korle Bu, Ridge da asibitin Mamobi, babbar nas ta kowane ɗakin jinya sunanta ke nan, "the in-charge". In an ce maka "go and see the in-charge", ba wurin biyan kuɗi aka tura ka ba. Wurin mai ba da izini ne, ta ziyara a wajen lokaci ko ta kwana da majinyaci. Ka gaishe ta tukuna, ka ce "please, Madam", don a Gana shiga magana ba gaisuwa rashin tarbiyya ne kamar yadda yake a gida. "Free of charge" kuwa kyauta ne, ba ko pesewa, wato kwabon Gana.

Sai mai nauyin. A ofishin 'yan sanda, ɗakin kanta da ake fara shiga shi ne "charge office", inda Hausa ta samo caji ofis. Tsare mutum a can shi mutanen gari ke kira "counter back". Shiga wurin ba ya nufin an tuhume ka. Ana iya gayyatarka a matsayin mai ƙara, ko shaida, ko wanda ake zargi, kuma ya kamata ka tambayi wanne ne kai tun kafin ka zauna. Tuhuma tana tabbata ne ranar da aka ce "you are charged with", aka ambaci laifi: "stealing" sata, "assault" duka, "defrauding by false pretences" damfara. Na ƙarshen nan shi ya fi kama 'yan kasuwa, don cinikin bashi da aka yi da baki, ba takarda ba shaida, yana iya rikiɗewa ya zama ƙarar damfara idan kaya ba su iso ba.

Ana ɗaukar bayani iri biyu, na lokacin bincike da na bayan an tuhume ka, kuma kafin kowanne ana gargaɗinka cewa ba dole ne ka yi magana ba, abin da ka faɗa kuma zai iya zama hujja a kotu. Kundin tsarin mulkin 1992, sashe na 14, ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun nan take cikin harshen da yake ji, da haƙƙinsa na neman lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 in ba a sake shi ba. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar, Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin awannin. Dokar shaida ta 1975 ta buƙaci a samu shaida mai zaman kansa, wanda ke jin harshen wanda ake tsare da shi, idan za a rubuta amsa laifinsa. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba, ko an ce maka ai ƙa'ida ce kawai, sa hannu ka tafi gida. Cewa "yes sir, yes sir" don ladabi, irin yadda muka saba yi wa na gaba, a nan ana iya rubuta shi a matsayin ka amsa. Belin 'yan sanda ba a sayensa. Mai tsaya maka ake nema, mai adireshi da katin shaida. Wannan na cikin dalilan da suka sa yake da kyau sabon zuwa ya kai gaisuwa wurin limamin unguwa da sarkin zango ko shugaban 'yan garinsu tun ana zaman lafiya.

A kotu za a karanta "charge sheet", takardar tuhuma, a tambaye ka "guilty or not guilty", ka aikata ko ba ka aikata ba. Tafinta haƙƙinka ne kuma ba ka biya, ka nema tun kafin a fara karatun. Za ka ji wasu na cewa "guilty with explanation", wato na aikata amma ina da bayani. Mutane na ɗaukarta tsaka-tsaki ce, alhali in bayanin bai zama kariya a idon alƙali ba, hukunci zai yanke a ranar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Legal Aid, mai taimaka wa marasa hali da lauya.

Ƙanwar kalmar, "discharge", ita ma fuska uku gare ta. A kotu, "acquitted and discharged" shi ne an wanke ka an sallame ka, magana ta mutu. "Discharged" kaɗai sallama ce ba wankewa, ana iya sake kama mutum a kan zancen, wani lokaci tun bai fita harabar kotun ba. A asibiti, in likita ya ce "we will discharge him today", sallama ce, amma sai an bi ta ofishin kuɗi an biya abin da inshorar lafiya ta NHIS ba ta ɗauka ba, an karɓi magani da ranar dawowa, wadda suke kira "review". A ɗakin awon ciki kuwa, idan ungozoma ta tambayi mace "any discharge?", ba zancen tafiya gida take ba. Tana tambaya ne ko akwai ruwa ko wani abu da ke fita daga gaba, da launinsa da warinsa. Mata da yawa kan ce a'a saboda kunya ko rashin fahimta, sai a rasa gano ciwon da magani kaɗan zai kawar. Wadda ba ta jin Turanci sosai ta tafi da 'yar'uwar da ta yarda da ita, ko ta tambaya ko akwai nas mai jin Hausa. A asibitocin da ke kusa da zango ba a cika rasawa ba.