Zuciyar Ɗan Adam da Hanyar da Jini Yake Bi

Darasi na 1: Ina zuciya take?

Kowa ya ajiye fensirinsa tukuna. Ku dunƙule hannu ɗaya. Girman zuciyarku ke nan, ko ta ɗan ɗara haka kaɗan. A jikin babban mutum nauyinta yakan kai giram 250 zuwa 350. Yanzu ku ɗora dunƙulallen hannun nan a tsakiyar ƙirji, bisa ƙashin nan mai tauri inda haƙarƙari suke haɗuwa, sannan ku gusa da shi hagu kaɗan. A bayan wannan ƙashi take zaune, tsakanin huhu biyu. Da yawa sukan kai hannu can kusa da hammata. Ba can take ba. Ƙasanta mai tsini ne ya karkata hagu, shi ya sa aka fi jin bugun ta nan.

Zuciya tsoka ce, aikinta matsewa da saki. In ta matse jini ya fita, in ta saki jini ya shigo. Babban mutum da ke zaune yana hutawa, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 tsakanin dare da rana. Jinin jikinsa kuwa kimanin lita 5 ne, kuma kusan wannan adadin zuciya take turawa kowane minti.

Darasi na 2: Ɗakuna huɗu, da maganar dama da hagu

Ku ɗauki zuciya kamar gida mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ku zana akwati a takarda. Ku ja layi daga sama har ƙasa a tsakiyarsa, ku maimaita layin ya yi kauri. Wannan shi ne bango. Sai ku ja wani siririn layi a kwance. Ku ƙirga: ɗakuna huɗu. Wanda layinsa ya karkace kada ya damu, ba gasar zane muke yi ba.

Ɗakunan sama masu karɓar jini ne. Na ƙasa masu tura shi ne waje. Sama karɓa, ƙasa turawa.

To, ga inda ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Zanen da ke gabanku zuciyar mutumin da yake fuskantarku ce. In kuna fuskantar wani, hannunsa na dama yana saitin hagunku. Ku juya ku dubi na kusa da ku, ya ɗaga hannun damansa, ku gani da idonku. Saboda haka ɓangaren takarda da ke hagunku shi ne damar zuciya. Ku rubuta DAMA a hagun takarda. Ku rubuta HAGU a damar takarda. E, haka ake yi, ba kuskuren bugawa ba ne, haka yake a duk littafin likitanci.

Wanda ya rikice ya ɗauki takardar ya manna ta a ƙirjinsa, rubutun yana kallon waje. Ina kalmar DAMA ta faɗo? Wajen hannunsa na dama. Madalla. Ku sauke takardar, ku sake mannawa, ku sake dubawa. Ku yi sau uku. Babu kunya a ciki, masu karatun jinya ma sukan rikice a nan a farkon karatunsu.

Kafin ku juya shafi: hagun takarda damar zuciya ce, damar takarda hagun zuciya ce. Ku faɗa da baki.

Darasi na 3: Hanyar jini

Ku ɗora yatsa a kan zanenku, ku bi ni.

Jinin da ya zagaya jiki ya raba iskar oksijin da ya ɗauko, ya kwaso gurɓatacciyar iska, yana komowa ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga kai da hannaye, ɗaya daga ciki da ƙafafu. Launinsa ja ne mai duhu. A hotuna ana shafa masa shuɗi don a bambanta shi kawai, amma babu shuɗin jini a jikin kowa. Wannan jini yana shiga ɗakin sama na dama. Yatsa yana ina? Hagun takarda, sama. Daga nan ya gangara ɗakin ƙasa na dama. Ɗakin ƙasa na dama ya tura shi huhu.

A huhu jini yake sauke gurɓatacciyar iska, mu fitar da ita da numfashi, ya ɗauki oksijin da muka shaƙa, ya koma ja mai haske. Sai ya komo zuciya, amma wannan karo ɗakin sama na hagu yake shiga, wato damar takarda, sama. Ya gangara ɗakin ƙasa na hagu. Wannan ɗaki ya tura shi ta babbar jijiya mai suna awota, wadda ta fi kowace jijiya mai fitar da jini girma, ya bazu ko'ina tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa.

Dama tana kai wa huhu. Hagu tana kai wa jiki.

Shi ya sa naman ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, wajen ninki uku. Huhu maƙwabcin zuciya ne, turawa kaɗan ta isa. Yatsan ƙafa kuwa da nisa.

Yanzu zan yi faɗa kaɗan. Duk lokacin da aka ce a nuna hanyar jini, sai an sami wanda zai ja yatsa daga ɗakin dama ya tsallaka kai tsaye zuwa na hagu. Haba jama'a! Don me muka ce a kauranta layin tsakiya? Bango ne, ba shi da ƙofa. A lafiyayyar zuciyar babban mutum jini ba ya ratsa shi, dole sai ya bi ta huhu. Ba yau aka gano haka ba. Likita Ibn al-Nafis, haifaffen ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta shi tun ƙarni na 13, lokacin da manyan likitoci suka ɗauka akwai ƙananan huduji a jikin bangon. Daga baya, a 1628, William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗayansa. Su sun sha wahalar bincike, ku haddacewa kawai ta rage muku, amma wasu sai su koma gida su jefar da takarda sai ranar aji. Wanda bai yi bita ba, in ya zo zan gane.

Mu sake. Jiki, saman dama, ƙasan dama, huhu. Huhu, saman hagu, ƙasan hagu, jiki. Saman dama yana wane gefen takarda? Hagu. Ku sake bi da yatsa har sai kun iya ido rufe.

Darasi na 4: Ƙofofi

Zuciya tana da ƙofofi huɗu masu buɗewa gefe ɗaya kawai, don kada jini ya koma baya. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa: ta dama mai marfi uku, ta hagu mai marfi biyu. Sauran biyun suna bakin jijiyar huhu da bakin awota. Sauti biyun da likita yake saurara a ƙirji ƙarar rufewarsu ce. Ku sa alamar ƙofofin a zanenku. Kada a sa ko ɗaya a jikin bango.

Darasi na 5: Jin bugu

Ku ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, gefen babban yatsa. Ban da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Ku ƙirga na minti ɗaya, ku rubuta lambar a ƙasan zanenku, ku zo da takardar aji na gaba.