Ga sababbin zuwa Birtaniya masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa: ku gane awo kafin ku ɓarar da kuɗi

Jama'a, duk wanda ya shigo ƙasar nan zai lura Turawan nan ba su ɗauki jirgin ƙasa da wasa ba, za ka ga dattijo mai jikoki ya ware ɗaki guda ya shimfiɗa ɗan layin dogo da tasha da gada da tsaunuka yana tuƙa jirgi da lantarki, kuma ba wanda zai ce masa tsufa ya taɓa shi. Wasu namu ma abin ya kama su, musamman lokacin hunturu da ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe ba inda za ka. To in kana cikinsu, ko yaronka ya matsa maka, tsaya ka gane awon tukuna, don a nan ake asara.

Abu biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai girman jikin jirgin, wato sau nawa aka rage na gaske, akwai kuma faɗin dogon, tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. Abin da aka fi sayarwa a nan shi ne OO, an rage jirgi sau 76, kowace ƙafa ɗaya ta koma milimita 4, dogonsa kuma milimita 16.5. Nahiyar Turai da Amurka HO suke yi, sau 87, amma dogon ɗaya ne. Sai N, dogo milimita 9, a nan sau 148. Waɗannan duk kwaikwayon babban layi ne mai milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna.

Siririn layi kuwa, wato wanda faɗinsa bai kai na babban layi ba, dabara aka yi wajen kwaikwayonsa, a ɗauki jikin babban awo a ɗora kan dogon ƙaramin awo. Haruffan farko na gaya maka girman jiki, lamba ko harafin ƙarshe na gaya maka dogo. OO9 kenan jikin OO kan dogo milimita 9, wanda in ka lissafa ya faɗo kan ƙafa 2 da inci 3, daidai layin Talyllyn na Wales, amma da shi ake yin duk abin da ke tsakanin ƙafa 2 zuwa 2 da rabi ba wanda ke ɗaga gira. H0e ɗan uwansa ne na Jamus da Ostiriya, dogo ɗaya, jiki ya ɗan fi ƙanƙanta. H0m milimita 12 ne, na layin mita ɗaya irin na Suwizalan. In idonka ya fara rauni ko yatsunka manya ne, akwai O-16.5, jiki sau 43.5 kan dogon OO. Amurkawa nasu On30 ne, sai dai su 30 ɗin inci ne na layin gaske, ba milimita ba, wannan ya rikita mutane da yawa. Masu fili a bayan gida su ne ke yin SM32 mai dogo milimita 32 da na kamfanin LGB mai milimita 45, wasu har da tururi na gaske, amma kai da ke haya a ɗaki ɗaya bar wannan tukuna.

Mu fa siririn layi ba baƙonmu ba ne. Tsohon dogon Legas zuwa Kano, wanda ya bi ta Zariya har Nguru da Ƙaura Namoda, ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067. Akwai ma wanda ya fi shi sirantaka, na Zariya zuwa Jos da Bukuru da aka yi don jigilar kuza, ƙafa 2 da inci 6, aka rufe shi a 1957. Wannan na kuzan OO9 zai ɗauke shi lafiya lau. Na Kano kuwa ba za ka same shi a kwali a shago ba, sai ka bi hanyar mutanen Afirka ta Kudu da Kwinslan ta Ostireliya, HO kan dogo milimita 12, ko ta 'yan Niyu Zilan da ke yin sau 64 kan 16.5, kuma yawanci da hannunka za ka ƙera. Aiki ne na mai haƙuri, ba na farawa ba.

Ni dai shawarata OO9. Gidajen nan ƙanana ne, kwanar OO9 na juyawa a inci 9, katako ƙafa 4 da 2 ya ishe ka zagaye da 'yar tasha, in ka gama ka tura ƙarƙashin gado. Kuma mutane da gidaje da motoci duk na OO za ka saya, waɗanda suke ko'ina. Kar ka ce tunda dogon milimita 9 ne bari in sayi gidajen N, direban jirginka zai fi ƙofar tasha tsawo. Dogon N ɗin kansa jirgin zai hau ya yi gudu, amma katakan ƙarƙashinsa ƙanana ne a matse, ido zai gane, gara ka sayi na kamfanin Peco da aka rubuta OO-9. Maƙalar taragon N ma ba ta kama ta OO9.

Wajen saye, Peco da ke Beer a Devon su ne na dogo da wasu taragai, Bachmann da Heljan na da kan jirgi da aka gama haɗawa, Kato na Japan sun haɗa kai da Peco sun fitar da na layin Ffestiniog na Wales. Dundas Models na sayar da taragai gutsu-gutsu ka haɗa da gam, sun fi araha kuma ba wuya. Shagunan intanet akwai Rails of Sheffield, Kernow, Gaugemaster. In ka ga tsohon rubutu na cewa je shagon Hattons, sun rufe a 2024. Sabon kan jirgi ya haura fam 100, shi ya sa na hannu ke da kasuwa.

A eBay ka nema da haruffa OO9 ka sake nema da sifili 009, sakamakon ba ɗaya ba ne. Ka karanta bayanin sosai dan Allah, da yawa gangar jiki ce kawai ba inji ba taya, sai ka nemo ƙasan daban, galibi na Kato 11-109 ake sakawa. Ka duba kuma ko DC ne, mai tafiya da ƙarfin wutar dogo kai tsaye, ko DCC, mai 'yar na'urar karɓar umarni a ciki, in an ce DCC Ready ba a sa masa na'urar ba, gurbinta kawai aka bari. In daga Jamus za ka yi odar Roco ko Bemo ko Minitrains, ka tuna tun 2021 akwai harajin VAT kashi 20, kaya sama da fam 135 kuma a bakin shigowa za a caje ka har da ladan kamfanin da ya kawo, arahar sai ta gudu.

Amma gaskiya inda ake samun kaya da ilimi shi ne baje kolin ƙarshen mako, a zauren makaranta ko na coci ko na unguwa. Mujallar Railway Modeller na jera su kowane wata. Ka tafi da tsabar kuɗi, kar ka taɓa shimfiɗar kowa sai ka tambaya, in yaro na tare da kai riƙe hannunsa, yawancin kayan ma an rubuta shekara 14 zuwa sama. Tayi ana yi a kan na hannu amma kaɗan, ba irin na Kantin Kwari ba da za ka raba kuɗi biyu, in ka yi haka mutumin zai yi murmushi kawai ya juya ga na bayanka. Ka ce a gwada maka injin a gabanka, yawanci akwai ɗan dogon gwaji a teburin. Akwai kuma ƙungiyar 009 Society, tun 1973, suna sayar wa membobi kayan hannu, masu O-16.5 kuma 7mm Narrow Gauge Association. Dattijan nan da ba sa gaisuwa a bas, tambaye su yadda suka yi gadarsu ka ga zance, sai ka nemi hanyar tsira.

In ka samu hutu ka je Wales ka ga na gasken, Ffestiniog a Porthmadog, Talyllyn a Tywyn. Na Welshpool zuwa Llanfair shi ne mai faɗin irin na kuzan Jos, kuma suna da kan jirgi mai lamba 85 da aka dawo da shi daga Saliyo a 1975. Ka duba jadawalinsu kafin ka kama hanya, da hunturu ba kullum suke aiki ba.