Darasi na Tara: Injin Ruwan Daɗi a Jirgin Shaƙatawa, Gano Matsalarsa da Zaɓen Sabo

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne da ke cin abinci a jiragen ruwan shaƙatawa na Legas: masu gadin jirgi, masu wanke shi, yaran direba, da masu koyon kanikanci a bakin ruwan Ikoyi, Victoria Island, Lekki da Apapa. Ran Asabar da Lahadi jiragen nan kan kwashi masu su da baƙinsu zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai zartsi ne, gishirinsa yana ƙaruwa da rani, ba ya shawuwa kuma ba a wanka da shi. Saboda haka jirgi yana ɗauke da tankin ruwan daɗi na kansa, da wani ƙaramin inji mai aiki da batir wanda ke turo ruwan zuwa kan famfon kicin, banɗaki da shawa. A darasin nan shi za mu riƙa kira injin ruwa. Daban yake da injin da ke tafiyar da jirgi, daban kuma da wanda ke kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi.

Da zarar ruwa ya ƙi zuwa, sai ka ji an ce inji ya mutu, a sayo sabo. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana wajen waya, ko tiyo, ko rariyar tace ruwa. Wanda ya iya sauraron ƙarar injin zai gane inda matsalar take tun bai kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Yadda yake aiki

A cikin kan injin akwai wani faifan roba da ke lotsawa yana dawowa da sauri, kamar zugazugin maƙeri. Idan ya ja baya sai ya zuƙo ruwa daga tanki, idan ya matso sai ya tura shi gaba. Akwai ƙananan bawul na roba da ke hana ruwan komawa inda ya fito. A goshin injin kuma akwai makunnin matsi, mai wayoyi biyu. Shi ne ke jin ƙarfin ruwan da ke cikin tiyo. Ka buɗe famfo, matsi ya ragu, sai ya tayar da injin. Ka rufe, matsi ya cika, sai ya kashe shi. A injuna da yawa yakan kashe a wajen PSI 40 (PSI ma'aunin matsi ne), ya sake tayarwa idan matsi ya sauko wajen 20 zuwa 25, amma kowane inji da nasa lissafin a rubuce a jikinsa.

Hanyar ruwan ita ce: tanki, tiyo, rariya, inji, sannan famfuna. Ka haddace wannan jeri, domin duk binciken da za ka yi a kansa za ka bi.

Idan injin ya yi shiru

Ka buɗe famfo, ba ruwa, ba ƙara. Wannan matsalar wuta ce, kusan ko da yaushe. Fara da makunnin da ke allon direba, sannan fis. Fis ɗin da ya ƙone za ka ga siririyar wayar cikinsa ta tsinke. Ka musanya shi da mai lamba iri ɗaya. Kada ka ɗaure shi da waya ko takardar sigari, domin fis ne ke tsayawa tsakanin gajeriyar matsala da gobara a tsakiyar ruwa.

Idan fis lafiya, ɗauko mitar awon wuta. Batir mai bolt 12 idan ya cika yana nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya yi sanyi, sai caji. Amma awon bakin batir kaɗai bai isa ba. Ka auna a bakin injin ma, a lokacin da famfo ke buɗe. Iskar Legas cike take da laima da gishiri, tana cin mahaɗar waya har ta yi kore ko fari-fari kamar gari. Irin wannan mahaɗa za ta iya nuna maka bolt 12 idan ba a jan wuta, da inji ya nemi tashi sai wutar ta faɗi. Yanke wurin da ya ci, feƙe wayar har ka ga jan ƙarfe mai sheƙi, ka sa sabon kai, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Kada ka manta da baƙar waya, ita ma tana ruɓewa kamar ja.

Wuta ta iso amma inji bai motsa ba? To saura makunnin matsi. Cire wayoyinsa biyu ka haɗa su da juna na ɗan lokaci, famfo yana buɗe. Idan injin ya tashi, makunnin ne ya lalace, kuma ana sayar da shi shi kaɗai a injuna da yawa. Wannan gwaji yana fitar da tartsatsi. Idan kana jin warin fetur a wurin, kada ka yi shi sai an buɗe ko'ina iska ta wuce, an kuma gano inda man ke yoyo. Haka nan idan jikin injin ya yi zafi sosai, ka ba shi kamar rabin awa, domin wasu suna da abin da ke yanke wuta da kansa idan zafi ya yi yawa.

Idan yana ta ƙara ba ruwa, ko ruwan yana tofi

Mu ɗauka ana shirin tashi daga Ikoyi, baƙi sun fara shigowa, yaron jirgi ya ruga wurin tsohon makaniki.

"Baba, injin ruwa ya lalace. Yana ta gudu, ba ya tsayawa, kuma ba ruwa."

"Ka leƙa tanki?"

"Agogon tanki ya nuna rabi, Baba."

"Ban ce agogo ba, ɗana. Buɗe murfi ka zura sanda."

Yaron ya zura, sandar ta fito a jiƙe har tsakiya. Sai Baba ya durƙusa ya haska tocila a kan kofin rariya, wani ƙaramin kofi mai garai-garai da ke gab da injin. Ga ƙananan kumfa suna ta wucewa a ciki.

"Ka gani? Iska yake sha. Kashe shi, ka kwance kofin nan."

A bakin kofin akwai zoben roba. Ya bushe, ya tsage a gefe guda. Ragar ciki kuma ta toshe da yashi da gansakuka. Suka wanke ragar da tsohon buroshin haƙori, suka sa sabon zobe, suka ɗaure kofin da hannu kawai, ba da filaya ba, don kada ya fashe. Baba ya ce a buɗe famfon da ya fi nisa kafin a kunna. Famfon ya yi tari, ya yi tofi, sannan ruwa ya miƙe. Da aka rufe, injin ya ɗan ƙara gudu kaɗan ya tsaya.

Abin lura a nan shi ne, huda a ɓangaren da inji ke zuƙowa ba ta cika ɗigar da ruwa ba, iska take shigarwa. Shi ya sa za ka duba ƙasa ka ga a bushe, alhali nan ciwon yake. Ka bi tiyon daga tanki zuwa inji da hannunka, ka matse kowane kilif, ka duba inda ya lanƙwashe ko wani kaya ya danne shi.

Akwai kuma wurin da mutane ke mantawa: hancin tanki, wato ƙaramin bututun da iska ke shiga ta cikinsa yayin da ruwa ke fita. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. Alamarsa ita ce ruwa ya fara da ƙarfi, bayan ɗan lokaci ya yi ta raguwa. Buɗe murfin da ake zuba ruwa. Idan ka ji tanki ya ja iska kuma ruwa ya dawo da ƙarfinsa, hancin ne ya toshe.

Sai bayan duk wannan ne za ka zargi injin kansa. Idan ruwa na ɗiga daga tsakanin kan injin da motar lantarkin da ke juya shi, faifan roba ya yage. Idan tsakuwa ta maƙale a bawul, injin zai yi ta gudu ba ya tara matsi. Manyan kamfanoni irin su Jabsco, Shurflo, Flojet, Whale da Johnson suna sayar da kayan gyaran kai daban, sai ka nema da lambar injinka.

Idan yana tashi da kansa

Wannan ce matsalar da masu gadi suka fi sani, domin su ne ke kwana kusa da jirgi. Duk famfuna a rufe, amma can cikin dare sai ka ji inji ya yi "burr" na daƙiƙa biyu ya tsaya, bayan wani lokaci ya sake. Ma'anarsa matsi yana zurarewa ta wani wuri. Ko dai ruwa na yoyo a gaban injin, ko kuwa bawul ɗin ciki yana barin ruwa ya koma tanki.

Ga yadda za ka raba gardama. Toshe tiyon da ke fita daga injin, ko ka rufe bawul ɗinsa idan akwai. Idan injin ya daina tashi, yoyon yana gaba: duba shawar bayan jirgi, wadda rana da gishiri ke fasawa, da ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da bawul ɗin tukunyar ruwan zafi. Shafa busasshiyar takardar tishu a kowace mahaɗa, ɗigo ɗaya zai nuna. Idan kuwa ya ci gaba da tashi duk da ka toshe, bawul ɗin cikin injin ne ya yi datti ko ya gaji.

Kada a raina wannan ƙara. Tiyo ɗaya ya kuɓuce da dare, injin zai juye tanki duka a cikin jirgi, ya ci gaba da gudu har batir ya ƙare. Don haka duk wanda zai bar jirgi, ya kashe makunnin injin ruwa.

Wani lokaci kuma injin kan yi ta kunnawa da kashewa da sauri idan an buɗe famfo kaɗan. Sau da yawa kan shawa ne ko ragar bakin famfo ta toshe, ko kuwa injin ya fi ƙarfin tiyon. Ana magance shi da ƙaramin tulun iska da ake sawa bayan inji. Yana da bakin hura iska irin na taya, kuma ana cika shi ya zama ƙasa kaɗan, kamar PSI 2 ko 3, da matsin da injin ke tashi a kai. Ana awon ne injin yana kashe, famfo yana buɗe.

Zaɓen sabo

Idan ta tabbata sai an saya, ɗauki hoton takardar jikin tsohon da wayarka, ko ka tafi da shi kasuwa. Ka koyi karanta waɗannan alamu. 12V ko 24V shi ne ƙarfin batir: inji mai 12 a jirgi mai 24 zai ƙone, mai 24 a jirgi mai 12 zai yi ta jan ƙafa. GPM galan ne a minti ɗaya, LPM kuma lita a minti ɗaya. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ke nan inji mai GPM 3 yana ba da kamar lita 11. PSI ko bar matsi ne, bar ɗaya PSI 14.5. Harafin A kuma amfiya ce, yawan wutar da yake ja, da ita ake zaɓen fis da kaurin waya.

Mai shago zai nuna maka babba ya ce ya fi. A ganina, a ƙaramin jirgi mai famfo biyu da shawa ɗaya, mai lita 11 ya wadatar. Yi lissafi: tanki mai lita 200, inji mai lita 11 zai iya ƙarar da shi cikin minti 18. Mai lita 19 cikin minti 10 da rabi. Ruwan nan kuwa saye aka yi, daga tanka ko daga hannun mai ruwa, kuma idan an yi nisa da gaɓa ba inda za a ƙaro. Babban inji sai jirgin da ake buɗe famfo uku ko huɗu lokaci guda. Haka matsi: idan tsohon mai PSI 35 ne ka kawo mai 60, tsofaffin mahaɗai za su fara zuba ɗaya bayan ɗaya.

Ka tambaya ko an yi shi don ruwan sha, domin akwai masu kama da shi da aka yi don wanke dandamalin jirgi ko feshin gona. Idan zai zauna a ɗakin injin fetur, dole ya zama wanda ba ya fitar da tartsatsi. Nemi alamar ISO 8846 a jikinsa. Akwai kuma injunan zamani masu rage gudu da ƙara gudu da kansu gwargwadon buɗin famfo. Ba su da hayaniya kuma galibi ba sa buƙatar tulun iska, sai dai sun fi tsada, kuma idan na'urar cikinsu ta lalace ba kowane makaniki ke iya taɓa ta ba. Araha ba ta ado, amma abin da na fi dubawa shi ne ko za a sami kayan gyaransa a Legas.

Wajen ɗaurawa, a sa shi a busasshen wuri kusa da tanki, inda hannu zai kai ga rariya. Idan a bango ne, motar ta kasance a sama, kan injin a ƙasa, don kada ɗigo ya shiga mota. Kada a matse ƙafafunsa na roba har su baje, kuma a haɗa shi da tiyo mai laushi, in ba haka ba duk jirgin zai ɗauki rawar. Waya kuwa a yi mata kauri. Inji mai jan amfiya 10 da ke nisan mita 5 daga batir yana da waya mita 10, zuwa da dawowa. Waya mai kaurin 1 mm² za ta cinye kusan bolt 1.75 a hanya, mai 2.5 kuwa kamar 0.7 kawai. Wayar jirgin ruwa mai rufin kuza ta fi jure gishiri.

Kafin sabon inji ya fara aiki, a wanke tankin. Ana zuba bilicin gida marar ƙamshi, kamar mililita ɗaya ga kowace lita ta ruwa, a buɗe famfuna har warin ya fito, a rufe a bar shi awa 4, sannan a zubar a ɗauraye da ruwa mai kyau har warin ya tafi.

Aikin yi

Karanta wannan da ƙarfi ga na kusa da kai, ka faɗi ma'anar kowace alama: 12V, 3.0 GPM, 40 PSI, 7A.

Jirgi yana da tanki mai lita 150, shawa tana cin lita 6 a minti ɗaya. Mutum biyar sun yi wanka, kowa minti 3. Lita nawa ta rage?

Injin yana tashi da kansa cikin dare. Ka toshe tiyon fita, bai daina ba. Rubuta a littafinka inda matsalar take, da abin da za ka gaya wa mai jirgi a saya.

Gobe idan ka je aiki, nemo rariyar jirginku da hancin tankinsa, ka zana hanyar ruwan daga tanki zuwa famfo, ka kawo zanen aji.