Kurakuran da masu sayen gida a bayan garin Kano suka fi tafkawa

Tun da farashin gidaje a tsakiyar birnin Kano ya fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, jama'a suka karkata zuwa unguwannin gefe irin su Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Mariri da Jaba, inda kuɗin da ba zai sayi ciki da falo a cikin gari ba yake iya sayen gida mai ɗaki uku da tsakar gida. Sai dai arhar tana da dalilinta, kuma sau da yawa mai saye ba ya gano dalilin sai bayan ya tare da iyalinsa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne raina batun takardu. Gidaje da yawa a waɗannan wurare an gina su ne a filin awon igiya, wato gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar, kuma abin da ke hannun mai gidan bai wuce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma wajabta neman amincewarsa kafin a sauya mallakar filin da gwamnati ta bayar. Saboda haka, idan dillali ya ce gidan yana da shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, wajibi ne a ɗauki lambar takardar a bincika ta a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a jihar, a kuma nemi ganin izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, domin ginin da ya hau kan hanya ko magudanar ruwa yana iya fuskantar rusau ko shekara nawa ya yi a tsaye. Idan kuwa gidan gado ne, kada a biya ko sisi sai dukkan magada sun amince a rubuce, har da mata da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa, domin magaji ɗaya da aka manta da shi ya isa ya kai cinikin gaban alƙali.

Na biyu shi ne zuwa duba gida da rani kawai. A watan Fabrairu kowane layi a bushe yake, amma a watan Agusta ne ake sanin gaskiyar unguwa. Wanda ba zai iya jira ba, ya duƙa ya dubi gindin katanga: fentin da ya kumbura yana ɓarewa, da farin gishiri a jikin siminti, da dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo biyu, duk shaida ce cewa ruwa yana kwanciya a wurin. A tambayi dattawan unguwa ko a da akwai kududdufi a nan, domin an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, kuma irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama har bango ya tsage. A ganina, mai shayin bakin layi ya fi dillali amfani a wannan bincike, tunda shi ba ya jiran la'ada.

Akwai kuma masu ruɗuwa da tayil da silin mai ƙyalli, su manta da tambayar ko bulon inci tara ne ko shida, da ko an bar bashin wutar KEDCO a kan gidan.

Daga ƙarshe, mutane kan lissafa kuɗin gida su bar kuɗin zama a cikinsa. Unguwar da ba ta da ruwan famfo tana nufin haƙa rijiyar burtsatse ko dogaro da 'yan garuwa kullum, kuma nisa daga makaranta da asibiti da kasuwa yana nufin kuɗin adaidaita sahu safe da yamma. Kafin a sallama, yana da kyau a bi hanyar daga ƙofar gidan zuwa wurin aiki da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, a rubuta abin da aka kashe da lokacin da aka ɓata, sannan a ninka kuɗin da kwanakin aiki na shekara guda a ɗora a kan farashin da dillali ya faɗa.